Warin Tafarnuwa

"A gidan wace kake cin abinci?" Meram ta tare mijinta Yuguda a bakin ƙofa.

Bakinsa warin tafarnuwa yake yi, ita kuwa ko a miyar salla ba ta sa tafarnuwa. Ya rantse mata daga rumfarsa ta gyaran bindiga a kasuwar Nguru sai gida. Ba ta yarda ba.

Gashinsa ya fara zuba, faratansa suna karyewa, duk abin da ya ci sai ya amayar. Warin kuwa sai ƙaruwa yake.

"Meram, ki nemo mai kai ni asibiti."

"Mai dafa maka ta nemo," ta ce. Ta ɗaure kayanta, ta hau motar garinsu Gashua.

A can labarin rasuwarsa ya same ta. Ta dawo takaba, tana ƙare wa fuskar duk macen da ta zo gaisuwa kallo, ko za ta gane mai dafa masa tafarnuwar.

Gadon da ya bari bai wuce galan guda ba, na shuɗin ruwan da yake baƙanta ƙarfen bindiga da shi, wanda jirgin ƙasa ya kawo masa daga Kano. Da ta fita takaba sai ta riƙa sayar wa maharba, tana zuƙo shi da tiyo a baki tana cika kwalabe, yadda ta ga yana yi.

Wata safiya ƙanwarta Gumsu ta zauna yi mata kitso. Gashi ya biyo mataji. Meram ta juyo za ta yi magana, sai Gumsu ta kau da kai.

"Yaya, yaushe kika fara cin tafarnuwa?"