Kaset ɗin da ya ƙi magana

Kai da kake gaggawar yanke hukunci tun ba ka ji ƙarshen zance ba, zauna in ba ka misalin wani mai gyaran bidiyo da aka yi a kasuwar Funtuwa, lokacin da kaset ke tashe.

Wata ranar kasuwa da hantsi wata tsohuwa ta zo rumfarsa ɗauke da bidiyo naɗe cikin zane, da kaset guda ɗaya a ƙulle cikin ɗankwali. Shi ne mai gyara na uku da ta kai wa. Na farko ya ce kan da ke karanta kaset ne ya yi datti, ya goge, bai yi ba. Na biyu ya ce kan ya mutu, ya sa sabo, ya murɗa duk wani noti da sukundirebansa ya iya kaiwa, daga ƙarshe ya ce kaset ɗin ne ya lalace, ta jefar. Ita kuwa ta ƙi. Shi kuwa na ukun nan bai ɗauki sukundireba ba tukuna. Ya jujjuya kaset ɗin, ya ɗaga murfinsa ya dubi zaren, ya ga sumul yake, ba tattara ba tsaga. Ya kifa shi ya dubi ƙasansa, don ya san bidiyo ma ba ta fara aiki da ka: akwai wadda takan laluba wani ɗan rami a gindin kaset ta gane irin zaren da aka ba ta, kuma kowace takan bi wasu alamomi da ke gefen zaren, su ne ke gaya mata saurin da aka yi ɗauka da shi. Sannan ya sa kaset ɗin. Hoto ya fito fari da baƙi, yana birgima sama kamar ana jan guga, ga wata murya mai kauri tana jan magana. Ya rufe ido ya saurara. Muryar ba ta rawa, ba ta tsinkewa, nauyi kawai ta yi, daidai wa daida tun daga farko. Zaren da ya lalace ba ya yin haka. Sai ya kashe, ya juya ya tambayi tsohuwa abin da ba wanda ya tambaye ta: "Inna, daga ina kaset ɗin nan ya fito?"

Ta ce 'yarta ce ta aiko da shi daga Amurka ta hannun wani matafiyi. Shekara shida ke nan da mijin 'yar ya tafi da ita can karatu, ta haihu biyu, kuma ita ba ta taɓa sa jikokin a ido ba. Ga shi ita tsohuwar cutar yana ta fara rufe mata ido, na hagu ya riga ya tafi, na dama ne ya rage, shi ma kullum ƙara dushewa yake. Abin da ya fi ci mata rai, in ji ta, shi ne muryar nan ta namiji da take ji a maimakon ta 'yarta. Har ta fara raya wa kanta ko wani abu ya faru ne ake ɓoye mata. Tun kafin ta rufe baki mai gyara ya san inda aka kwana. Ƙasar can tsarin ɗaukar hotonsu daban ne da namu, zarensu ya fi namu gudu. Bidiyon tsohuwa tsari ɗaya ta sani, sai take jan zaren a hankali irin yadda ta saba, muryar mace ta koma ta gardi. Ya gaya mata kaset lafiyarsa lau, bidiyonta ma lafiyarta lau take kafin a taɓa ta, yare ne kawai ba su haɗa ba. Ya jawo tasa bidiyon ta gwaji, wadda ke gane kowane tsari, ya haɗa ta da talabijin ɗin rumfar, ya matso wa tsohuwa da benci har gwiwarta na taɓa teburi, ya saki labule don haske ya ragu. Zare ya ɗan yi gudu, injin ya karanta alamominsa, ya daidaita kansa. Hoto ya tsaya cak, launi ya shigo. Ga mace cikin atamfa shuɗiya, da jariri a cinya, da wata 'yar yarinya mai giɓi tana leƙowa ta bayan kafaɗarta, tana cewa a gaida Kaka. Tsohuwa ta kai fuskarta dab da gilashin, ta karkata kai don idon dama ya samu, tana kallo har kaset ya ƙare. Sai ta ce, "Ɗan nan, maido min daga farko." Sau uku ya mayar. A ranar ya sa aka kwafe mata shi zuwa irin tsarinmu, ya kuma ɓata yini guda yana mayar da notukan da na biyu ya murɗe, kowanne mazauninsa.

Ka ga, waɗancan biyun ba hannu suka rasa ba, kayan aiki ma suna da su. Sun ga hoto na birgima, suka hau magani ba su san ciwo ba, saura ƙiris su sa uwa ta zubar da fuskar jikokinta a bola. Na ukun bakinsa ya fara buɗewa kafin ya buɗe injin. Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.