Wankan Ruwan Sama a Bakin Teku

Lokacin da Baba ke aiki a Landan, ya kai ni wani ɗan gari a bakin teku. Muna isa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Turawa suka tsere shagunan shayi, ni ma na nufi can.

"Wa ke gudun albarka?" in ji Baba. "A garinmu wanka muke yi a ciki. Uwata, cire takalmi!"

Ya naɗe babbar rigarsa, muka ruga kan yashi ina ihun murna. Ashe ruwan Ingila sanyi gare shi kamar ƙanƙara! Baba na rawar ɗari, amma bai tsaya ba sai da na gaji.

Baba ya rasu. Har yau, in hadari ya haɗo, takalmina nake fara cirewa.