Tsohon da Ke Kifar da Bokiti

Wata yarinya ta cika bokiti ke nan a bakin kogi tana neman mai ɗora mata, tsohon ya fito daga cikin ciyayi ya sa ƙafa ya kifar da shi. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki abinta ta koma can ƙasa, inda ba zai hango ta ba.

Wata nas, ma'aikaciyar jinya, ta tsaya a kan gada tana kallo. Ba ta daɗe da zuwa garin ba, amma ta riga ta gaji da ganin tafin hannu mai baƙaƙen ƙuraje masu tauri, da farce mai farin layi, da tsofaffi masu binne 'ya'yansu. Asenik da antimoni ne, gubar da ke biyo ruwan wankin dutse daga mahaƙar zinare da ke saman kogin. An rufe mahaƙar tuni, gubar ta zauna a laka. Ruwan kuwa garau yake, ba wari, ba ɗaci. Famfon garin ɗaya ne, rabin shekara a bushe.

Kullum tsohon yana bakin ruwa, cikin wata doguwar riga da datti ya cinye farinta. Idan ya kama yaro ba ya duka. Sai ya riƙe wuyan hannunsa, ya juya tafin, ya ja fatar ido ya leƙa, sannan ya sake shi.

Ba mai zaginsa, ba mai jifansa. Ba kuma mai ba shi ko loma. Mata in sun hango shi sai su ja mayafi su kau da kai.

Abin ya tsaya wa nas a rai. Rannan ta zuba abinci a kwano ta nufi kogi. Wata mai wanki, wadda hannayenta suka yi kamar bawon itace, ta tare ta.

"'Yata, ina za ki da wannan?"

"Wurin bawan Allahn can, Inna. Shi kaɗai ke hana yara shan guba, amma kun bar shi da yunwa."

Matar ta matse zanen da ke hannunta har ya daina ɗiga.

"Lokacin da kifi ya fara tasowa ciki sama, mun daina sha. Har rijiya muka soma haƙawa. Sai kamfanin zinaren ya tara mu a nan, aka kawo likitansu. Ya tsoma kofi a kogin nan a gabanmu, ya kafa kai, ya goge baki, ya ce lafiya lau. Muka watsar da rijiyar."

Ta nuna tsohon da haɓa.

"Ga likitan can. Ranar da ya binne 'yarsa, wadda ta riga kowa yarda da shi, a bakin kabari ya faɗa mana ko ɗigon ruwan kofin nan bai haɗiye ba."