Tafintar Zubairu

Zubairu ya soka kile, 'yar ma'ajiyar fayil ta aljihu, a tsohuwar ordinatar ta ofishin ƙungiyar manoma a Magariya, ya gyara wuyan riga, ya fara jawabi kafin ma na'urar ta gama tashi.

Gurbin aiki guda ne, na mai kula da na'urorin ƙungiyar a Bande da Dantchiao da Dungas, inda rezon sadarwa ke zuwa idan ya ga dama. Sharaɗin shi ne mai nema ya haɗa da hannunsa manhajar da ake kira tafinta, wadda ke karanta umarnin da aka rubuta ta aiwatar. Kuma a ɗure duk kayan aikinta a cikinta, ta zama fayil guda, kada ta nemi komai a wajen na'urar da ta sauka.

Zubairu ya sha wuya a kanta. Duk haɗin da ya yi, sai allon ya cika da jan rubutu, yana kukan wani abu ya ɓace. Ya zagi na'urar, ya zagi zafin gari. Daga nan ya tafi wani taron horo a Damagaram, inda kowa ke barin kile a kan tebur idan an fita salla, ya dawo da tafinta lafiyayya mai suna Zubairu. Tun ranar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Masu tantancewa biyu ne: Mushe Tamu, shugaban ƙungiyar, wanda iyakar saninsa da ordinatar shi ne tana cin wuta, da wata mata da furoje mai ba da kuɗin aikin ya aiko, katin wuyanta ya juya baya. Zubairu ya yi mata kallo ɗaya ya yanke cewa sakatariya ce.

Tafinta ta yi aiki ba gardama. Aka kai ta na'ura ta biyu, wadda ƙura ta ci rabinta, nan ma ta tashi. Mushe Tamu har da tafi.

"Kamar matafiyi ce da guzurinsa," in ji Zubairu. "Duk abin da aka sa mata ranar haɗi yana cikinta, ba mai iya cire shi."

"Haka ne," matar ta ce. "Wane sashe ya fi ba ka wahala?"

"Madam, bayanin zai yi miki nauyi."

Ta yi murmushi, ta nemi izinin taɓa na'urar. Ya matsa mata da kujera cikin tausayi, yana gargaɗinta kada ta danna abin da ba ta sani ba. A ransa ya riga ya hau babur ɗin ofis, yana ratsa kasuwa ana gaishe shi.

Ta buga ɗan gajeren umarni ba tare da ta duba yatsunta ba, irin wanda ke sa tafinta ta faɗi inda aka haɗa ta. Zubairu bai san ana tambayarta wannan ba. Shi sunan fayil kawai ya canja.

Mushe Tamu ya sa tabarau ya karanta a fili, a hankali: an haɗa ta a na'urar Hinda Kyari. Ya ɗago yana tambayar wace ce kuma wannan.

Matar ta juyo da katin wuyanta, ga sunan nan rubuce a jiki.