Kyamarar da Gilas Ya Zaɓa

Wata mata ta dire jakarta a kan kantar shagon, ko sallama babu, ta zaro wata 'yar takarda.

"Kai ne mai sayar da kyamara?"

Gilas ya ɗago kai. Haka kowa ke kiransa a shagon, saboda tabarau mai kauri da ba ya rabuwa da shi. Shekara shida yana sayar wa mutane kyamarori, shi kuwa da wata waya mai tsagaggiyar fuska yake bin tsuntsaye yana ɗaukar hotonsu a bakin tafki duk safiyar Lahadi. Ranar ma da fushi ya baro gida. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, ta sake karɓar aikin ƙarshen mako, wata na huɗu ke nan a jere, kuma da ya yi magana sai ta ce masa aiki ne ya yi yawa.

"Ni ne, Hajiya."

Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ta taɓe baki. "Kai ne ashe."

Daga takardar ta karanto abin da take so: kyamara irin wadda ake sauya wa madubi, ba ta 'yan koyo ba, ba kuma ta manyan ƙwararru ba. Matsakaiciya. Yadda take jan kalmomin kaɗai ya nuna masa ba ta san gabanta da bayanta ba.

Ya sauko da uku ya jera mata. Ya fara bayani: wannan ba ta da nauyi, waccan batirinta na daɗewa, ta ukun ko a ɗaki mai duhu tana fitar da fuska. Ta katse shi da tambayoyi. Mai raunin ido zai iya leƙawa ta wannan 'yar tagar? Tana kama abin da ke tashi sama?

"Ta ɗanki ce, Hajiya?"

"Allah ya kiyaye. Da ɗana ne, da tuni na nema masa abin yi. Wani ƙato ne can, da gemunsa, zai je ya zauna cikin ciyawa yana ɗaukar hoton abin da ba zai ci ba. Ba ya ma ganin wahalar da ake sha a kansa."

Kunnuwan Gilas suka ɗauki zafi. Ya yi murmushin ciniki, amma a ransa ya riga ya tsane ta.

Ta ture ukun gefe da bayan hannu. "Bar ni da surutu. In kai ne, wacce za ka ɗauka?"

Ya san amsar. Akwai samfurin da ya daɗe yana mafarkinsa, kuma guda biyu suka rage a shagon. Ɗaya sabuwa dal, ya ɓoye ta a bayan kwalayen batir don kada wani ya riga shi kafin Allah ya hore masa. Ɗayar kuwa wani ne ya dawo da ita makon jiya: abu na kusa tana fitar da shi tar, amma da ya yi nisa sai hoton ya zama dishi-dishi. Mai shago ya ce a ajiye ta a mayar wa kamfani.

Gilas ya shiga ciki. Ya tsaya tsakanin kwalayen biyu, yana jiyo matar tana ƙwanƙwasa kantar shagon da zobenta. Ya goge mai lahanin da gefen rigarsa, ya fito da ita.

"Wannan zan ɗauka, Hajiya. Ko a mafarki."

Ya ɗauki hoton jakarta daga taku ɗaya ya nuna mata. Har zaren ɗinkin ana gani. Ta gyaɗa kai ba tare da ta yaba ba. Ya tura mata rasit, ya sa yatsa a kan layin da ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa, ya jira har ta sa hannu.

"Allah ya sa mai ita ya san darajarta," ta ce, ta fice.

"Amin," in ji Gilas.

Daɗin bai kai la'asar ba. Mai shago ya zo neman batir, ya ci karo da sabuwar kyamarar a ɓoye. Ya wanke Gilas tas a gaban mutane, sannan ya kira wani mai hoton biki da ya daɗe yana cigiyar irinta. Gilas da hannunsa ya sa ta a leda, yana kallo aka fita da ita.

A hanyar gida abu ɗaya ne ya rage masa zafi: ƙaton nan na Hajiya, zaune cikin ciyawa, yana danna maɓalli yana samun hazo.

Ya tura ƙofa a shirye yake da faɗa. Sai ya tarar da matarsa a falo, ko kayan aiki ba ta cire ba, idanunta sun faɗa don gajiya amma bakinta ya ƙi rufuwa. Ta kama hannunsa ta ja shi zuwa tebur, inda wani abu ke lulluɓe da gyalenta.

"Na san in ni na je za ka hana," ta ce, tana yaye gyalen. "Shi ya sa na roƙi shugabarmu ta asibiti ta saya maka. Wata huɗun nan duk don kyamarar nan nake yi, kuma ta ce kai da kanka ka zaɓa."