Fis ɗin da ba ya ƙonewa

Tunda ka ce kai yanzu ba ka yarda da kowa ba, zauna in ba ka misalin wani direba.

Motar haya gare shi, 'yar Kwatano, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, ita ce gonarsa ita ce rumbunsa. Mutumin kirki ne, sai dai zargi ya yi masa katutu. Ba laifinsa ne duka ba: an taɓa musanya masa batir a wani gareji yana masallaci, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga ranar ya ɗauki ƙusa ya bi kayan motar ɗaya bayan ɗaya yana karta musu alama, har ɗan injin nan da ke cikin ƙofa mai ɗaga gilashin taga bai tsira ba. In makaniki ya sunkuya, shi ma ya sunkuya. In ya miƙe, sai ya bi aljihunsa da kallo.

Da damina ta kankama, sai gilashin ƙofarsa ya ƙi sauka, zaren wutar nan na gilashin baya mai korar raɓa shi ma ya mutu, ya zama ba ya ganin abin da ke biye da shi. Dole ya tafi wurin rewaya, wato mai gyaran wayoyin mota. Rewaya ya ɗauko ɗan ƙwan gwajinsa ya dangwala nan ya dangwala can, ya zaro fis ya ɗaga shi sama: siririyar wayar da ke cikinsa ta tsinke. Ya sa sabo, komai ya tashi. Ba a yi nisa ba fis ya sake ƙonewa, aka sake sa wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa. A nan ne rewaya ya ce masa fis ba ya ƙonewa a banza. Akwai wayar da ta goge a wuyan ƙofa, inda ake buɗewa ana rufewa, tana taɓa ƙarfen mota, shi ya sa fis yake yanke wuta kafin ta yi ɓarna. Ya ce direba ya bar masa motar ya kwance ƙofar ya bi wayar har ya sami wurin. Direba ya yi murmushin wanda ya gano dawar garin. A ransa ya ce ashe nan aka nufa! Wato a yi ta sa masa fis mara ƙwari don ya yi ta dawowa, sa'an nan a kwance ƙofa a bayan idonsa, a ɗauke injin gilashinsa na asali a maƙala masa jabu. Ko gemun rewaya da ya sha gani a sahun farko a masallaci, ranar nan sai ya ga kamar na yaudara ne. Ya karɓi makullinsa ya ce, "Na gode, Malam, a bar ƙofar yadda take."

Da ya koma gida ya sami guntuwar jar waya mai kauri, ya lanƙwasa ta, ya cusa a gurbin fis. Ya danna, gilashi ya sauka sumul. Ya kunna na baya, raɓa ta washe. Daɗi ya kama shi har kunne, ya shiga tasha yana ba direbobi labarin yadda ya yi wa kansa fis ɗin da ba ya ƙonewa, ya kuma rufe wa wani ɓarawo ƙofar ci. Gaskiyarsa, bai ƙone ba. Wayar can da ta goge kuwa tana nan tana sumbatar ƙarfe duk sanda aka buɗe ƙofa, sai dai yanzu babu mai yanke mata wuta. Ran nan ya yi lodi ya kama hanya ana yayyafi, tagogi a rufe, na baya a kunne. Wata tsohuwa ta ce tana jin ƙaurin roba, ya ce ai daga waje ne. Bai rufe baki ba hayaƙi ya fara tsattsafowa ta gefen gwiwarsa. Ya danna gilashi don iska ta shigo, gilashi ya ƙi motsi. Ya gangara gefen titi, fasinjoji suka yi ta turereniya suna salati, da ƙyar kowa ya fita da ransa. Ya tsaya cikin yayyafi, hannu bisa ka, yana kallon wuta tana cin kujerun da ya hana yara hawa da takalmi. Ya yi kuka, kukan magidanci mai iyali wanda bai san me za a ɗora a gidansa gobe ba.

Da ƙarfe ya huce ya zo yana tona toka da sanda. A cikin ƙwarangwal ɗin ƙofa ya ga injin gilashinsa, ya yi baƙi ƙirin. Ya goge shi da bakin riga, sai ga alamarsa ta ƙusa raɗau. Ba wanda ya taɓa masa shi, nasa ne na asali. Ya ɗauke shi ya tafi gida da ƙafa, shi ne abin da ya rage masa na mota.

Ban ce ka saki jiki da kowa ba, duniya ba ta rasa macuta. Amma in zargi ya hana ka jin mai gaya maka gaskiya, to tuna da direban nan. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.