Ƙarfen da Ya Gwada Kansa

Wata shida ke nan Injiniya Mujitaba yana rubuta magana ɗaya a rahotonsa na mako-mako: gwaji na tafiya daidai. Ƙarya ce tsagwaronta. Babu gwajin, babu ma ƙarfen da za a gwada.

Wata tashar lantarki ake ginawa a bayan Bebeji, wadda za ta riƙa ƙona buntun shinkafa. Aka aiko da samfurin ƙarfe mai jure wuta, wanda ake son ƙera tukunyar tururi da shi. Faifai ne guda, faɗinsa kamar babban tire, da lamba a gefe. Aikin Mujitaba shi ne ya gasa shi a murhun gwaji, ya bari ya huce, ya sake gasawa, har wata shida, a ga ko zai tsage.

Kwana tara murhun ya yi ya mutu murus. Gogan naka ya ji kunyar faɗa wa manya, ya ɗauko ƙarfen ya kawo gida Kiru, ya jingine shi a zaure, wai ran Litinin zai kai shi Kano a yi gwajin can. Litinin ta zo, ƙarfe ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni.

'Yan jari-bola ne, haka ya yanke a ransa. Bai gaya wa kowa ba, ballantana mahaifiyarsa, Inna Tasalla mai gurasa, wadda in ta ji zance da hantsi, kafin azahar ya kai har garin Badafi. Ya bi ya rame, wuyan nan kamar na zakara. Abin haushi kuma, a watannin nan ne gurasar Inna ta yi suna, har daga Ba'awa ake aiko da kwanuka.

"Ci mana, ɗan nan," in ji ta. "Bana tanderuna ya samu abin da yake so."

Ina! Ko loma ba ta wucewa.

Sai ga takarda: ran Alhamis Dakta Fa'iza, masaniyar ƙarafa, za ta zo duba samfurin. In babu ƙarfe, babu aiki, kuma kora ce ta tonon asiri.

Ran Laraba da safe ya fito ya tarar Inna tana ta zazzaga masifa a tsakar gida, tana ja wa wani ɓarawo Allah ya isa, gurasar ranar rabi ɗanya rabi ƙonanniya. Bai tsaya jin ba'asi ba, nasa ya ishe shi. Ya figi mota ya shiga bin wuraren masu sayen tsofaffin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu, wajen Kwanar Ɗangora, ƙarƙashin wata ruɓaɓɓiyar ƙofa, ya hango gefen faifai. Ya jawo, ya goge da hularsa. Lambar ce! Ya yi baƙi ƙirin, amma shi ne.

"Jiya-jiyan nan aka kawo shi," in ji Isa mai wurin.

Mujitaba ko tayi bai yi ba. A hanya wani ƙamshi-ƙamshi ya cika motar, yunwa ta taso masa karon farko cikin wata shida. Ya ce kwanciyar hankali ce.

Amma ran Alhamis, da Dakta Fa'iza ta yanki gefen ƙarfen ta sa a ƙarƙashin madubinta mai ƙara girman abu, tsoro ya dawo sabo fil. Wannan matar ƙarfe ba ya ɓoye mata komai. Yanzu za ta gane kwana tara kacal ya yi a wuta. Ta duba, ta sake dubawa, ta cire tabarau.

"Injiniya, sannu da ƙoƙari. Ƙarfen nan ya sha wuta ya huce ya fi sau ɗari da hamsin, kullum ba fashi. Har alamar yayyafin ruwa na gani yana da zafi. Ainihin wahalar da tukunya ke sha ke nan in ana kunna ta ana kashewa, kuma ko tsaga babu. Wa ya ba ka wannan dabara?"

"Allah ne, ranki ya daɗe," ya ce. Ita ce gaskiya ta farko da ya faɗa a ofishin nan.

"Madalla. Mako mai zuwa zan dawo da ɗalibaina, mu ga murhun da ka yi aikin."

Wane murhu? Aljanu ne suka gasa shi, ko me?

Da la'asar ya shiga gida, ƙarfen a hammata, don ya rantse ba zai ƙara barinsa a zaure ba. Inna Tasalla tana tankaɗe. Ta ɗago kai, rariya ta suɓuce daga hannunta, ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu! Mujitaba, ashe kai ne ɓarawon murfin tanderuna, har da gutsure masa gefe?"